Yadda Za Ku Gane Tsohuwar Bindigar Martini-Henry ta Asali

'Yan uwa masu sha'awar kayan tarihi, idan kun samu tsohuwar bindigar sojan Ingila, don Allah kada ku goge ta da sanfefa. Tare da tsatsar za ku kankare shaidarta. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun isa.

A kan Martini-Henry, wadda sojojin Ingila suka karɓa a 1871, ku duba gefen dama na ƙarfen da ke saman kunama. Za ku ga kambin sarauta, haruffan V.R. na Sarauniya Victoria, sunan masana'anta kamar Enfield, sannan shekara. A nan ake kama jabu. Sarauniyar ta rasu a 1901, don haka V.R. da shekarar da ta wuce wannan ƙarya ce. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afghanistan, sun ƙera irin wannan bindiga da yawa, har wasu sukan buga harafin N na Enfield a juye.

Alamar kan kibiya kuwa tana nufin kayan gwamnati ne. Ku kwatanta lambobin sassan bindigar, in sun saɓa, an yi mata haɗe-haɗe.

Kada ku kuskura ku harba ta, kuma ku nemi lasisi kafin ku ajiye ta a gida.