Gargaɗin Rashin Daidaituwar Adireshi Bayan Ka Sake Gina Kanel na Linux

Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan furosesa zai karanta bayit 4 daga memori a tafi ɗaya, adireshin wurin ya kamata ya rabu da 4 ba saura, idan 8 ne ya rabu da 8. Adireshi 0x1000 lafiya lau, 0x1002 kuma ya karya ƙa'ida. Abin da ke rikita mutane shi ne, galibi sabon ginin ba shi ya haifi matsalar ba, tona ta ya yi. Don haka kada ka yi gaggawar toshe bakin gargaɗin kafin ka san daga ina ya fito.

Fara da `dmesg`, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ka karanta ainihin kalmomin saƙon, domin ba iri ɗaya ba ne.

Idan ka ga "UBSAN: misaligned-access", to `CONFIG_UBSAN_ALIGNMENT`, zaɓin ginin kanel da ke sa ido kan irin wannan karatu, shi ne ya kunnu. Kwatanta tsohon tsarinka da sabo: `scripts/diffconfig /boot/config-tsoho .config`. A kan x86 da arm64, inda furosesa ke iya karatu daga adireshin da bai daidaita ba, wannan zaɓi yakan cika maka allo da ƙorafin da ba shi da illa, kashe shi ba laifi. Amma a na'urar da ba ta yafe irin wannan, kowane layi abin bi ne.

Idan kuma "Alignment trap" ka gani a kan ARM mai bit 32, buɗe `/proc/cpu/alignment`. Akwai ƙidayar User (laifin manhajoji) da ta System (na kanel). Duba ta, ka bar na'urar ta yi aiki na ɗan lokaci, ka sake dubawa. Idan User ke hawa, wata manhaja ce mai laifi. Rubuta 3 a fayil ɗin, kanel zai gyara karatun ya kuma faɗi sunan manhajar. Rubuta 5, zai kashe ta da siginar kuskure ta SIGBUS ka samu abin bincike. Idan System ke hawa, matsalar tana cikin kanel, sau da yawa a direba. Kanel yana gyara nasa a ɓoye, amma kowane gyara tsayawa ce da ke cin lokaci, shi ya sa za ka ga katin sadarwa yana aiki amma yana jan ƙafa. Daga ARMv6 zuwa sama, umarnin furosesa LDR da STR, masu karanta ko rubuta ƙima ɗaya, suna jure adireshi karkatacce, amma LDM, STM da LDRD, masu ɗaukar fiye da ɗaya a tare, ba sa jurewa. Sauya kwamfaila kawai ya isa ya sa a haɗa karatu biyu zuwa LDM ɗaya, gargaɗi ya ɓullo a inda da babu.

Don gano layin lambar da ya jawo matsalar, gina da `CONFIG_DEBUG_INFO`, sannan ka ba `scripts/faddr2line` fayil ɗin vmlinux (kanel ɗin da ka gina) da sunan aikin (function) da ya fito a saƙon, haɗe da lambar `+0x...` da ke biye da shi. Tabbatar vmlinux ɗin na ginin da ke gudana ne, in ba haka ba zai nuna maka layin da ba ruwansa.

Abin da aka fi tararwa shi ne an ɗauki manuni (pointer) na `u8`, mai bayit 1, an mayar da shi `u32`, mai bayit 4, an karanta kai tsaye. Maganinsa `get_unaligned()` da `put_unaligned()`, ko `memcpy()`. Lura cewa daga siga 6.12 na kanel, biyun farko suna cikin `linux/unaligned.h`, kafin nan `asm/unaligned.h`. A direban sadarwa kuwa, kan fakiti (header) na Ethernet bayit 14 ne, don haka na IP da ke biye da shi yakan faɗa wurin da bai rabu da 4 ba. Aikin `netdev_alloc_skb_ip_align()` yana tura farkon da bayit 2 a na'urorin da ke buƙata. Sa `__packed` a kan struct, don gaya wa kwamfaila kada ya ɗauka adireshin a daidaice yake, yana aiki, amma kada ka yayyafa shi ko'ina, domin yana iya sa kwamfaila karanta bayit ɗai-ɗai.

A arm64, "alignment fault" yawanci daga memorin na'ura ne da aka buɗe da `ioremap()`. Can babu sassauci ko kaɗan: yi amfani da `readl()` ko `memcpy_fromio()`, ba `memcpy()` ba.

Bayan gyara, sake gina duk modul ɗin da ke wajen bishiyar kanel, ka duba `modinfo` ka ga vermagic, sigar kanel da aka gina modul ɗin dominta, ya dace da `uname -r`. Sannan ka ɗora wa na'urar aiki mai nauyi ka ga ko gargaɗin ya daina fitowa, a ARM mai bit 32 kuma ko ƙidayar System ta tsaya cak.