Camry ko ƙaramar Mercedes: kurakuran da na gaji da gani wajen masu sayen mota a Gombe

Daga ƙaramar Sallah zuwa yau mutum uku ne suka turo mini hotunan motoci bibbiyu a WhatsApp, tambayarsu kuma ɗaya kamar sun haɗa baki: "Yaya, ga Camry ga C300, kuɗinsu kusan ɗaya, wacce zan ɗauka?" Na ukun ɗan ƙanwata ne, ko shekara biyu bai cika da fara aiki ba. Shi bai ma tsaya tambaya ba, hukunci ya kawo mini: "Kawu, tunda kuɗi ɗaya ne ai gara in hau Marsandi." Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a majalisa, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in tura masa ya karanta.

Ni ba bakanike ba ne, ba dillali ba. Mai hawa ne kawai, wanda aljihunsa ya taɓa jin jiki.

Uban kurakuran shi ne wannan magana ta "kuɗinsu ɗaya". Ranar da motocin nan biyu suka fito sababbi a Amurka, ba kuɗinsu ɗaya ba, ko kusa. Camry an yi ta ne don magidanci mai kai yara makaranta, C300 kuwa don wanda ba ya ƙirga kuɗin gareji. Me ya haɗa su a farashi ɗaya bayan shekara goma sha, a filin sayar da motoci na Gombe? Camry kowa na nemanta, sai ta ƙi sauka. Waccan kuma waɗanda suka san dawan garin suna tsoron riƙonta, sai ta faɗo. Kuɗin saye ne ya faɗo, kuɗin kayan gyara yana nan inda yake tun farko. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuwa, duk abin da ake shigo da shi da dala sai dai a yi shiru.

Ɗauki juyen baƙin mai kawai. Camry Muscle, wato ƙirar 2007 zuwa 2011, mai silinda huɗu, lita 4 da ɗan ɗori take sha, galan ɗaya mai lita 5 ya sallame ka. C300 ta 2008 zuwa 2014 silinda shida gare ta, tana shan lita 7 zuwa 8, kuma ba kowane mai ba, sai wanda ya cika ƙa'idar da kamfanin ya rubuta, 229.5, za ka ga lambar a bayan galan. Galan biyu ke nan na mai tsada, duk juyi. Filogi shida maimakon huɗu. Giyarta mai hawa bakwai ba ta da sandar auna mai da za ka zaro ka duba da safe, sai wanda ya san aikin kuma yake da kayan aikin.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri.

Shekarun baya na sayar da wata tsohuwar motar Japan da ta yi mini hidima ba ƙorafi, na haɗa da kuɗin adashe, na sayi ƙaramar motar alfarma ta Jamus. Ba zan faɗi sunanta ba, don wallahi ba laifinta ba ne. Baƙa wul, kujerun fata, in ka rufe ƙofa sai ka ji duniya ta yi tsit. Makon farko har hanya nake ƙarawa in bi ta Pantami don a gan ni. Da lokacin juyen mai ya yi, na ji kuɗin, sai na ce ai mai mai ne. Na kai ta wurin bakanikena na da, mutumin kirki, wanda ya ƙware a motocin Japan, ya zuba mata mai kauri irin wanda ake zuba wa motar haya. Da zafin Afrilu ya shigo allurar zafi ta ɗan ɗaga, sai ya ce, "Alhaji, wannan abin da ke tare ruwa a bakin lagireto ai don ƙasar ƙanƙara aka sa shi, mu cire, mu haɗa fanka kai tsaye." Na ce a cire. Ruwan lagireto na musamman ya ƙare, muka cika da na famfo. Fitila ta kama a gaban mota, mai wayarin ya ce ba komai, haka suke yi. Duk matakin nan ni na amince, don kowanne ya fi araha a ranar.

Ranar da ta rama, muna hanyar Bauchi ɗaurin aure, ni da abokai uku cikin manyan kaya. Mun wuce Alkaleri kaɗan ta yi tari sau biyu ta mutu, ko juyi ta ƙi. Ɗaurin aure dai sai labari muka ji. Janwe ya dawo da ita Gombe bayan magariba. Wanda ya iya ta sai da aka kira daga Jos, na biya kuɗin motarsa da masaukinsa kafin ya taɓa ko kusa ɗaya. Ya sa mata kwamfuta, ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?" Na rasa bakin cewa ni ne. Kayan da ake bukata babu a Gombe, aka tambaya a Ƙofar Ruwa ta Kano babu, sai Ladipo a Legas. Na farko da aka turo ba nata ba ne, aka mayar. Mako bakwai tana jibge ƙura na rufe ta, ni kuma ina tsaye bakin titi ina tare Keke Napep, makullin motar alfarma a aljihu. Maman yara ba ta ce mini komai ba, shirun nan ya fi zagi ciwo. Daga ƙarshe na sayar da ita a kan asarar da har yau ban faɗa wa kowa adadinta ba.

To ku da kuke turo mini hotuna, ku ji da kyau. Kafin ka tambaye ni wacce ta fi, je ka nemo mai gyaranta tukuna. Ba wanda zai ce maka "duk mota mota ce" ba, wanda za ka tarar da irinta biyu ko uku a garejinsa, yana da kwamfutar da ke karanta ta. In ba ka same shi a cikin gari ba, ka riga ka sami amsarka. Ni abin da nake yi yanzu, takarda nake ɗauka in shiga shagunan kayan gyara in tambayi kuɗin abu shida na kowace mota: juyen mai da matata, takalmin birki, shokozoba, taya ɗaya, famfon mai, fitilar gaba. In haɗa, in ajiye kusa da albashina, in kalle su. Kuma ba na sayen motar da za ta cinye kuɗina ƙaf. In ta Jamus ce, sai na bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta a ajiye don wata shidan farko. Wasu abokaina na cewa na cika tsoro. Su ba su tsaya a Alkaleri da babbar riga ba.

Kuskure na biyu shi ne gwada mota daga kujerar direba kaɗai. Kai za ka ji daɗi, to su wa za su zauna a baya? C300 da BMW 3 Series da Lexus IS250 duk ƙafar baya ke tura su, saboda haka akwai wani tudu da ya ratsa tsakiyar ƙasan motar, wanda ya zauna a tsakiyar kujerar baya gwiwoyinsa sai sun kusa taɓa haɓarsa. Camry ƙafar gaba ke ja, ƙasanta kusan shimfiɗe yake, kuma ta fi C300 ta wancan zamani tsawo da kusan santimita 20. Mu nan ba ma tafiya mu biyu. Ranar Sallah akwai uwargida, yara huɗu, kular abinci, ga Hajiya da za a biya a ɗauka, a dawowa daga Kumo ko Bajoga kuma sai an cusa buhun masara a but. Ka tafi da iyalinka wajen gwaji, ko aƙalla ka zauna a baya da kanka minti goma, wani ya ja. In kunya ta hana ka yi a gaban dillali, za ka yi shekara kana jin mita a gida.

Sai taya da hanya. Yawancin C300 samfurin Sport tayarta mai lamba 17 ce, siririya a gefe, ta baya kuma ta fi ta gaba faɗi, ba za ka musanya su ba don su ci daidai. BMW ta 2006 zuwa 2011 da yawa ba su zo da safaya ba sam, sun dogara da tayar da ke iya ɗan tafiya bayan ta sace. Yanzu ka tuna hanyar Dukku zuwa Darazo, ko lungun unguwarku bayan ruwan Agusta ya zaizaye shi. Tayar Camry mai lamba 16 tana da tsoka, tana shanye rami, kuma mai faci na kowane ƙauye ya san ta.

Kada masu Camry su yi dariya, su ma suna da nasu. Akwai masu ɗaukar ta kamar waliyyiya, su biya ba dubawa. Injin 2.4 na 2007 zuwa 2009 an san shi da shan baƙin mai in ya tsufa, na 2.5 da ya zo a 2010 ya fi shi kwanciyar hankali, amma jikinsu kusan iri ɗaya, har akan sauya wa tsohuwa fitilu da bamba a kira ta sabuwa. Harafi na goma a lambar shasi shi ke faɗin shekara: 7, 8, 9, sannan A ita ce 2010, B kuma 2011. Gaban motar ma na ciki, wato dashbod, na wancan zamani yakan narke ya yi danƙo a rana, taɓa shi da hannu.

Sauran ƙanana ne, amma ina ganinsu kullum. Ana gwada shan man Camry mai silinda huɗu da motar silinda shida a ce wai bambancin kaɗan ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 babu bambancin da yake kaɗan. Ana cewa "Lexus ai Toyota ce" a yi ta maza: ES350 lallai 'yar uwar Camry mai V6 ce, injinsu ɗaya, amma IS250 wata halitta ce daban. Ana zuwa ganin mota da yamma bayan an wanke ta, an riga an ɗumama injin. Ni da sassafe nake zuwa in tayar da ita da sanyinta, in dawo da azahar in gwada na'urar sanyaya ciki, don Gombe a watan Maris ba ta karɓar uzuri. Ana gaskata mita, alhali mayar da ita baya aikin minti kaɗan ne. Dubi sitiyari da fedar birki, su ba sa ƙarya. Ɗaga kafet ka sunsuna, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa, domin motar da ambaliya ta ci a Amurka kan zo nan a matsayin Beljiyam, kuma in mai yawan lantarki ce ba ka gama gyaranta har abada. Takardun kwastam kuma kada ka yarda da "za a kawo gobe". An hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, in an ce maka ta Kwatano ta biyo, tambayoyinka su ƙaru.

Kada a ce na tsani motar alfarma. A kan kwalta mai kyau, C300 lafiyayya tana kwanciya a hanya yadda Camry ba za ta taɓa yi ba, kuma na san mutum biyu a garin nan da suke riƙe da irinta shekara da shekaru ba kuka. Dukansu suna da wata motar a gida, kuma ba sa cinikin baƙin mai.

Ɗan ƙanwata dai na yage masa takarda na rubuta abubuwan nan shida, na ce ya je ya cike kuɗinsu ya dawo mu zauna. Yau kwana goma sha biyu bai dawo da ita ba. Jiya uwarsa ta kira ni take cewa, "Yaya, me ka faɗa wa yaron nan ne? Na ji yana waya yana tambayar kuɗin Corolla."