Yadda ake tsallake kwas ɗin kalkulas a aji ɗaya ba tare da kari-oba ba

Yawancin ɗaliban kimiyya da injiniya a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano, ba difarenshiyeshin, wato lissafin saurin canjin abu, ne ke kayar da su ba. Wannan doka ce, ka haddace ka bi. Intigireshin, wato kishiyar difarenshiyeshin, shi ne ke cin mutane, domin kafin ka taɓa alƙalami sai ka gane wace hanya ce za ta buɗe tambayar.

Fara da gyara aljabara da tirigonometiri. Wanda bai san cewa sin²x daidai yake da (1 − cos 2x)/2 ba, zai zauna gaban ∫sin²x dx har a karɓi takarda. Duba kalkuletarka kuma: idan Casio ce, ƙaramin harafin da ke saman allo ya zama R (radiyan), ba D (digiri) ba. Dokokin sin da cos na kalkulas a radiyan kawai suke aiki.

Inda aka fi zubar da maki shi ne musanya, wato maye gurbin wani ɓangare na tambaya da sabon harafi kamar u. Ɗauki ∫2x(x² + 1)³ dx daga 0 zuwa 1. Ka sa u = x² + 1, sai du = 2x dx, tambaya ta koma ∫u³ du. To a nan ake yin ɓarna: iyakokin 0 da 1 na x ne, ba na u ba. Da x ya zama 0, u ya zama 1. Da x ya zama 1, u ya zama 2. Amsa ita ce (16 − 1)/4, wato 15/4. Wanda ya bar tsofaffin iyakoki zai samu 1/4, kuma ba zai ji a jikinsa ya yi kuskure ba, tunda kowane layi ya fito tsaf. Rubuta sababbin iyakokin a gefe tun kafin ka ci gaba, kada ka ce za ka riƙe a ka.

A hanyar raba tambaya gida biyu, kamar ∫x·eˣ dx, ɗauki x a matsayin u, domin shi ne ke narkewa ya koma 1 idan aka yi masa difarenshiyeshin. Amsa: x·eˣ − eˣ + C. Idan ka juya, x²/2 zai fito, aiki ya ƙara cakuɗewa. Kada ka manta da C, lambar da ba ta canzawa da ake ƙarawa idan tambaya ba ta da iyakoki. Haka ∫1/x dx, ln|x| + C ne, dokar ƙara ɗaya a kan fawa ba ta aiki a nan.

Duk amsar da ka samu a tambayar da ba ta da iyakoki, yi mata difarenshiyeshin. Idan ba ta mayar da kai tambayar farko ba, akwai matsala.

Takardun jarrabawar shekarun baya kuwa, masu fotokofi na sayar da su, wasu har da amsoshi. Ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi ɗaya, amma rufe amsar ka yi da hannunka, don wasu amsoshin ɗalibai ne suka rubuta. Tambaya biyar kullum bayan Asuba ta fi kwana a aji daren jarrabawa, kuma kada ka yi wasa da tes.