Yadda za ka gane bakin da ɗan Sin ke yi kafin ka shiga ciniki da shi

Kayan gyaran babur nake sayarwa a Abossey Okai, gidana kuma a Nima. Na daɗe ina sarin kaya wajen 'yan Sin, a nan Ankara ta Ghana da can Gwanzu, babban birnin lardin Guangdong na ƙasar Sin, kuma abin da nake fara gaya wa duk yaron da ya zo koyon sana'a wurina shi ne kada ya ɗauka bakinsu ɗaya ne. Akwai Mandarin, harshen gwamnati da makaranta, wanda su suke kira Putonghua. Akwai Kantonis, na lardin Guangdong da Hong Kong da Macau. Tazarar da ke tsakaninsu ta wuce wadda ke tsakanin Hausar Kano da tamu ta zango nesa ba kusa ba. Mu da Bakano muna jin juna ko da an yi wa juna gyara. Mutumin Beijing kuwa in ya zauna cikin 'yan Hong Kong, sai dai ya bi su da ido.

Fara da sunan mutum, don katinsa ko allon shagonsa zai ba ka labari tun bai buɗe baki ba. In ka ga Wong, Chan, Lam, Cheung, Lau ko Ng, to akasari asalinsa Hong Kong ne ko tsofaffin iyalan Guangdong. Sunayen nan dai su ne Wang, Chen, Lin, Zhang, Liu da Wu a bakin mai Mandarin. Amma kada ka rantse da wannan, domin wanda aka haifa a Gwanzu yana Kantonis a gida, fasfonsa kuma da rubutun Mandarin yake.

Sai ka kasa kunne ga ƙarshen kalma. Mai Kantonis yana datse kalma da p, t, k ko m, kamar an rufe ƙofa: yat, saam, luk, baat, sap. Mandarin ba ya haka, kalmarsa da wasali take ƙarewa ko da n ko ng, kuma za ka ji sh da zh sun yi yawa. Mai Kantonis yakan ja ƙarshen magana da laa ko aa. Mandarin karin sauti huɗu gare shi, Kantonis shida. Wannan kada ya tsorata Bahaushe. Bakin da ya raba kukan yaro da kukar miya ba tare da tunani ba zai iya raba kalmar "mai" ta saye da kalmar "mai" ta sayarwa, waɗanda sauti kaɗai ya bambanta su a Mandarin.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne ƙidaya. Mandarin: yi, er, san. Kantonis: yat, yi, saam. Ka lura, yi ɗaya ne a wannan, biyu ne a wancan. Tafiyata ta farko Gwanzu na je da ƙidayar Mandarin da na koya wajen wani abokin ciniki a nan. Na shiga shagon wata dattijuwa mai sayar da sarƙar babur, na nuna kwali na tambayi kuɗi, ta ce yi baak. Kunnena ya ji yi bai, wato ɗari. Ita kuwa ɗari biyu take nufi. Na sa aka ɗaure kwali ashirin, aka kira mai kura, sai da na zo biya lissafi ya ƙi haɗuwa. Ta ɗauka na raina mata hankali, ni ma na ɗauka ta canja magana. Ɗanta ne ya fito daga ciki ya danna 200 a na'urar lissafi ya juyo min da ita, sannan kowa ya gane inda gizo ke saƙar. Tun ranar ba na karɓar farashi da baki. A danna min in gani, in danna nawa, a rubuta a rasit.

Gaisuwa ba wuya. Ni hao ga mai Mandarin, nei hou ga mai Kantonis, ko da yake za ka ji matasan Hong Kong na cewa lei hou. Kira mai shago laoban, ko lou baan, kamar yadda muke cewa maigida. Nawa ne: duoshao qian, ko gei do chin. Godiya a Mandarin xiexie ce kawai, amma Kantonis ya raba ta biyu. Wanda ya yi maka hidima, ya miƙo shayi ko ya ɗauko kaya, ka ce m goi. Wanda ya ba ka kyauta, do je. Akwai wani tsoho ɗan Hong Kong a Tema da na taɓa ce wa do je ranar da ya ba ni kalanda. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni, ya jawo min kujera, muka yi rabin awa yana tambayar inda na koya.

Wa za ka tarar a ina? A Amurka, waɗanda suka fara zuwa haƙar zinariya bayan 1848, da masu aikin layin dogon da aka gama a 1869, yawanci daga Guangdong suka fito, musamman yankin Taishan. A Ingila kuma 'yan Hong Kong ne suka buɗe gidajen abinci a shekarun 1950 da 1960. Shi ya sa tsofaffin unguwannin 'yan Sin a San Francisco da Landan da Kantonis suka tashi, masu Mandarin daga baya suka yawaita. Mu ma a Ghana haka abin yake a ƙaramin ma'auni. Tsofaffin hannu ta Hong Kong suka biyo, suka kafa masana'antu, har da masaƙar Akosombo. Amma waɗanda ka fi gani yau a Okaishie da Makola da wuraren gine-gine, irin waɗanda suka gina dam ɗin Bui da aka gama a 2013, daga babban yankin Sin suke. Da yawansu ma suna da bakin gida na uku. Mutanen Fujian da na Wenzhou kowa da nasa, 'yan Shanglin da suka shiga haƙar zinariya kuma da yawa Zhuang suke yi. Abin da ya haɗa su duka Mandarin ne.

Don haka in ɗaya za ka iya koya, koyi Mandarin. Akwai Cibiyar Confucius a Legon, ana koyarwa. Kantonis kuwa ka riƙe gaisuwa da godiya da ƙidaya, sun ishe ka shiga kasuwannin Gwanzu da zama da dattawa.

In magana ta cije, koma rubutu. Bakin biyu ne amma rubutun kusan ɗaya, saboda haka saƙon WeChat a rubuce ya fi saƙon murya aminci, kuma yana zama shaida in kwantena ta iso Tema da kayan da ba su ba ne. Babban yanki na amfani da sauƙaƙen rubutu, Hong Kong da Macau da Taiwan na nan kan na gargajiya, sai ka zaɓi wanda ya dace a manhajar fassara. Ka kuma ajiye hoton haruffa biyu na kalmar qingzhen a wayarka, wato halal. Da su nake neman abinci a unguwar Xiaobei ta Gwanzu, kuma duk wanda na nuna wa, mai Mandarin ko mai Kantonis, yana nuna min hanya.