Idan Ka Ɓata a Legas Kai Kaɗai: Abin da Mile 2 Ta Koya Mini

Kawuna dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12. Ranar da ya ce in zo Legas in kama masa aiki, kwatancensa bai da tsawo: in sauka a Ojota, in hau motar Ketu, in kira shi. Na shiga doguwar bas a Sabon Garin Kano da la'asar, muka kwana a hanya, tafiyar kusan kilomita 1,000. Bayan Ibadan barci ya sace ni. Ko da na farka an wuce Berger, an wuce Ojota, ana sauke mutane a Oshodi. Wayata kuwa ta mutu tun Lakwaja, kuma lambar Kawu tana cikinta, ba a kaina ba.

To, ɓatan kai tun daga gida ake maganinsa. Ka rubuta lambobin mutum biyu a takarda da biro, da sunan unguwa da na tashar da za ka sauka, ka soke a cikin hula. Ka raba kuɗinka gida uku: na mota a aljihun gaba, kuma ya zama canji, saura a wurare biyu da hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Wanda ya zaro damin kuɗi a tsakiyar tasha don ya biya kuɗin mota ya yi wa kansa shela.

A Oshodi na ji kwandasta yana rataye a ƙofar danfo, ƙaramar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, yana ihu "Mayil Tu! Mayil Tu!" Ni kuwa kunnena "Mayil Tuwel" ya jiyo, wato Mile 12, don abin da nake son ji ke nan. Ban tambayi kowa ba, na faɗa ciki. Ina zaune ina jiran warin albasa da attaruhu, da kwandunan tumatir da Kawu yake ba mu labari, sai ga tankokin mai da tirelolin kwantena sun yi layi har iya ganina. Mile 2 ke nan, hanyar tashar jiragen ruwa ta Apapa da hanyar Badagry. Mile 12 kuwa tana can wajen Ketu a kan hanyar Ikorodu, wani ɓangaren gari daban. Na sani tun a rabin hanya cewa wani abu bai yi daidai ba, amma kunya ta rufe mini baki, kada a ce ga baƙauye.

Wannan kunyar ita ce ta ɓatar da ni, ba kwandasta ba. Kafin ka sa ƙafa a mota, ka faɗi sunan wurin da bakinka, ka jira ya maimaita, sannan ka sake tambayar fasinjan da ke kusa da kai. In lamba ce a sunan, nuna da yatsu. Kuma kada ka tsayar da motar da ba ta tasha ba don kana sauri, musamman da asuba ko da daddare. Motocin 'yan fashin da ake kira "wan cans" irin baƙon da ya ruɗe suke nema.

Da ka tabbatar ka ɓata, abu na farko ka daina tafiya. Ni na yi kusan awa ɗaya ina zagaye ƙarƙashin gada da jaka a kafaɗa, ina ɗaga kai ina karanta alluna, wato duk wanda ya kalle ni ya san labarina. Ɓataccen mutum ƙafarsa ba ta son tsayawa, gani yake kwana ta gaba ce za ta fid da shi, alhali ƙara nisa yake. Ka sami inda za ka jingina bayanka da bango, ka ajiye jaka tsakanin ƙafafunka, ka sha ruwa, hankalinka ya dawo.

An ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma da saura: wa ka tambaya? Kada ka tambayi wanda ya zo da kansa yana cewa ina za ka, ko ya kai hannu zai taya ka ɗaukar jaka. Ka tambayi wanda sana'arsa ta ɗaure shi a wuri ɗaya, wanda in ya yi maka ƙarya gobe ma nan za ka same shi: mai shayi, mai tsire, mai gyaran takalmi, maigadi, matar da ke sayar da burodi a rumfa. A Legas da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga ɗan Arewa a cikin irin waɗannan ba. In ba ka samu ba, nemi masallaci. In abin ya yi tsanani, ka ce a kai ka wurin Sarkin Hausawan yankin. Unguwanni irin su Agege da Idi Araba cike suke da mutanenmu tun kaka da kakanni.

Ni mai shayi ne ya cece ni, wani dattijo mutumin Tawa. Na yi sallama, na zauna a benci, na ce a haɗa mini shayi da burodi. Wannan ma dabara ce, ko da yake ni yunwa ce ta koya mini: ka fara zama mai ciniki kafin ka zama mai tambaya. Ya dube ni, ya dubi jakata, ya ce, "Samari, yau ka sauka ko?"

Na ce, "Eh, Baba. Kasuwar tumatir nake nema."

Ya yi dariya har ya ajiye kofin da yake sheƙa shayi da shi. "Kai ne na nawa! Kawo wayar."

Ya miƙa wa wani yaro mai cajin waya a gefensa, ya yage gefen kwalin madara, ya sa na rubuta da hannuna: Oshodi, sai Ojota, Ketu, Mile 12. Ya koya mini kalmar da har yau nake amfani da ita, "o wa", abin da za ka ce da Yarbanci in kana son direba ya sauke ka. Ka ƙara da "e jowo", wato don Allah, da "e she", wato na gode. Kalmomi uku, amma suna sassauta fuskar mutum.

Wani abu da ya ɗaure mini kai: mu a gida da gabas da yamma muke kwatance, ka yi kudu, in ka kai masallaci ka yi gabas. A Legas babu mai yi maka haka, ga hadari yana rufe rana, ga gadoji suna juya ka sai ka rasa alƙibla. Su da sunan tasha suke kwatance. Don haka kada ka ce ina ne arewa, ka ce motar ina zan hau, a ina zan sauka, me zan gani in na iso. Ka maimaita masa abin da ya faɗa, in ya gyara maka, to ka tsira daga ɓata na biyu.

Yanzu abubuwa sun ɗan sauya. Tun 2022 gwamnatin jihar ta hana acaba a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, saboda haka kada ka dogara da cewa ɗan uwanka mai babur zai kai ka ko'ina. Akwai manyan bas na BRT da suka fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da tashar CMS da ke tsibirin Legas, tashoshinsu a rubuce suke, sai dai da kati ake biya. Akwai kuma jirgin ƙasa daga Mile 2 zuwa Marina tun 2023. Taswirar waya tana taimako ƙwarai, amma a cikin shago ko masallaci za ka duba ta, ba a bakin titi ba, inda ake fizge waya kamar shaho ya ɗauki ɗan tsako.

Da wayar ta kama, na kira Kawu. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in ba mai shayin. Suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna, na ji Baba yana cewa, "Yana hannuna, Alhaji, ya ma ci burodi." Ya haɗa ni da yaronsa har bakin motar Oshodi, ya ƙi karɓar kuɗin caji, na shayi kawai ya karɓa.

Na isa Mile 12 bayan azahar, warin albasa ya tare ni tun daga titi. Kawu yana tsaye a bayan wata tirela ana sauke kaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in karanto masa lambarsa da ka. Na kasa. Ya ce to ba zan ci abincin rana ba sai na haddace, ya nuna mini kwandon farko.