Yadda Ake Shirya Hutun Kaka a Duwatsun Maroko Daga Yamai

Mutumin Yamai da ya ce zai hau dutse, sai a fara tambayarsa ko ya san sanyi. Garinmu bai wuce mita 200 da 'yan kai sama da teku ba, Toubkal na Maroko kuwa, dutsen da ya fi tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167 ne. Satumba zuwa farkon Oktoba ne lokacinsa: zafi ya sassauta, ƙanƙara ba ta rufe hanya ba tukuna.

Fara da neman ranar biki, kafin ka yanki tikiti. Bikin garin Imilshil na 'yan ƙabilar Ait Hadiddu, mazauna duwatsu, a Satumba ake yinsa, amma ranar tana motsawa kowace shekara. Wanda ya taɓa zuwa bikin gishiri na Ingal zai gane yanayin: kasuwar dabbobi, tantuna, kiɗa, samari da 'yan mata cikin ado ana ƙulla aure. In ya kuɓuce maka, akwai bikin dabino na Erfud a Oktoba. Imilshil na da nisa da Marrakesh, birnin da ake bi zuwa Toubkal, ka ware masa yini guda a mota, tafiya kawai.

Sai takardu. Duba fasfo da katin rigakafin shawara, ka leƙa ofishin jakadancin Maroko ka ji sharaɗin shiga na bana. Royal Air Maroc na tashi daga filin Diori Hamani zuwa Kasablanka. Canza sefa zuwa yuro tun a gida, can ka mayar da su dirhami.

Na uku, motsa jiki, kuma nan ne akasari ake yin sake. Wata guda kafin tafiya ka riƙa hawa da sauka a matakala, ko ka tsallaka Harobanda ka hau tuddai da jaka a baya. Takalmin da za ka tafi da shi, shi za ka sa a horon. Sabon takalmi a kan dutse masifa ce.

Kaya: rigar sanyi mai kauri, safar hannu, hular da ke rufe kunne, da fitilar da ake ɗaurawa a goshi. Gwanjon Katako ya ishe ka. Ni da 'yar rigar hunturunmu na tafi, ina cewa ai na san sanyin Janairu. Da asuba na taɓa ruwan alwala, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, har ɗan rakiyarmu ya ɗumama min ruwa a butar shayi yana dariya.

Daga Kasablanka jirgin ƙasa zai kai ka Marrakesh cikin wajen awa uku, sannan tasi zuwa ƙauyen Imlil, inda ake fara hawan Toubkal. Kwana ɗaya a can, jiki ya saba. Ɗan rakiya dole ne, akwai shingen jami'an tsaro a hanya, kuma ka yi ciniki da shi tun farko kan abinci da alfadarin da zai ɗauki kaya. Ranar farko awa biyar zuwa shida ce har masaukin da ke mita 3,207. Kashegari a tashi cikin duhu a nufi ƙololuwa.

Taka a hankali, sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. In kai ya soma sarawa da tashin zuciya, faɗa wa ɗan rakiya nan take ku sauko ƙasa.