Yadda ake tada tsohuwar mota da manibel ba tare da ka karya hannu ba

Yaran yanzu in ka ce musu akwai lokacin da mota ba ta da makullin tadawa sai su ɗauka wasa kake. Alhali motocin farko ko kamar mota ba su yi ba, keken doki ne aka cire dokin aka ɗora inji, shi ya sa ma turawan lokacin suke ce musu karusa marar doki. Ta Karl Benz da ya yi wa rajista a Jamus a 1886 ƙafa uku gare ta, a shekarar nan ma Daimler karusa ya saya ya saka mata inji. Tseren da aka yi daga Paris zuwa Rouen a 1894 sunansa ke nan, gasar karusai marasa doki. To masu shan esans cikinsu, wato fetur, da ƙarfin damtse ake tada su, sai a 1912 Cadillac ta fito da mai tashi da lantarki, aikin Charles Kettering, ita kuwa Ford Model T da aka fara a 1908 sai 1919 ta samu. Kuma abun bai ɓace ba, tsofaffin Land Rover da Citroën 2CV suna da ramin manibel a gaba, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake juya inji da shi da hannu, in ka shiga garejojin Tahoua za ka iske tsofaffin makanikai da suka tada su da hannu har suka gaji.

To ga yadda ake yi. Kafin ka taɓa ƙarfen nan ka ja birkin hannu sosai, ka tabbata motar ba ta cikin giya, ka sa dutse gaban taya. Kar ka raina dutsen nan don Allah, kai ne fa tsaye a gabanta, in ta tashi cikin giya kanka za ta fara bi, Model T ma ko ba ta cikin giya in man inji ya yi sanyi da safe takan ɗan matso gaba.

Sai maganar wuta, nan ne duk hatsarin yake. Motocin da suna da ɗan hannu a jikin sitiyari mai gaggauta wutar buji, abin da ke kunna esans a cikin inji, ko ya jinkirta ta, a Model T na hagu ne, ka tura shi sama har ƙarshe don ka jinkirta wutar. Dalili, in buji ya ba da wuta tun piston bai kai sama ba injin baya zai juya, manibel ɗin ya dawo maka da ƙarfin da ba ka taɓa zato ba, mutane da yawa sun karye a wuyan hannu ta haka, wasu ma a haɓa ya same su. Wadda ba ta da hannun nan kamar Land Rover, in an taɓa gyaran wutarta ka bari makaniki ya duba tukuna.

Kontak, wato makunnin wuta, a kashe, ka ja shok, abin da ke rage iska don esans ya ƙaru, ka juya sau biyu ko uku a hankali don esans ya shiga, ka mayar da shok, sannan ka kunna kontak.

Yanzu riƙon. Babban yatsa kar ya zagaye ƙarfen, ka kwantar da shi gefe guda da sauran yatsu, hannun kamar ƙugiya, yadda in ta mayar ƙarfen zai fice daga tafinka kawai ba zai tafi da yatsa ba. Masu Model T da hagu suke ja don in ta buga baya hannun waje yake faɗawa. Ka tura manibel ciki har ka ji ya kama, ka kawo shi ƙasa, ka ɗan ɗaga har ka ji ya yi nauyi, to nan ne, sai ka fizgo sama da ƙarfi sau guda, rabin zagaye ya isa. Daga ƙasa zuwa sama kullum, ba a dannawa ƙasa da nauyin jiki, ni dai in na ga yaro yana wulwula shi zagaye zagaye gabana faɗuwa yake. Ka tsaya a karkace, gwiwa da fuska nesa da hanyar ƙarfen, in babbar riga gare ka ko rawani ka tuɓe ka ajiye.

In ta kama ka zare manibel in mai cirewa ne, ka koma ka sauko da hannun wutar har ƙarar ta daidaita. In ka ja ka ja ba ta tashi ba kuma kana jin warin esans to ta sha da yawa, kashe kontak ka bar ta ta huta kaɗan, kar ka ƙara jan shok.

Abu guda, kar ka kwashe wannan ka kai wa injin niƙa na gazuwal, shi ba shi da buji, ana ɗaga ɗan ƙarfen sakin matsi ne a wulwula har ya ɗauki gudu sannan a sake shi. Amma maganar babban yatsa da rigar nan duka ɗaya ne, ku gaya wa yaran da ke aiki wurin niƙa.